Yadda ake nemo kuɗin horar da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa a ƙaramar hukumarku

Duk majalisar da aka zauna aka ɗauko zancen yaran unguwa, masu shaye-shaye da waɗanda suka daina magana da kowa da 'yan matan da ke faɗuwa a makaranta ana cewa iska ce, ƙarshen hirar guda ɗaya ne, wai gwamnati ta kawo likitoci. Toh ina likitocin suke? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya basu kai 300 ba, mu kuma mun haura miliyan 200, kuma ɗan abin da ake da shi ɗin ma yawanci suna manyan asibitocin birane, wasu kuma tuni sun haɗa kayansu sun yi Ingila da Saudiyya. In likita kake jira ya zo ya tare a ƙauyenku wlh zaka daɗe a zaune. Abin da zai yiwu shine a horar da waɗanda dama suna nan, a ɗaure su da likitan da ke birni yana duba aikinsu, kuma kuɗin yin hakan ana samunsa in an bi ta ƙofar da ta dace.

Bari in fara da ɓarnar da mu muka yi saboda kar wani ya maimaita. Karon farko da ƙungiyarmu ta samu ɗan tallafi, otal muka kama a babban birnin jiha, muka tara mutane kwana biyar, aka buga riguna da jaka da katon allon sanarwa, aka ci kaza aka raba alawus aka ɗauki hoto kowa riƙe da satifiket. Bayan wata shida na zagaya in ga aiki. Na farko an yi masa canjin wajen aiki, ta biyu ta ce tana tsoron taɓa irin waɗannan marasa lafiyar don babu wanda zata tambaya in abu ya rikice, wani kuma littafin da muka basu na gani a saman kabad ƙura ta rufe shi, ko ledar ba a cire ba. Kuɗi sun ƙare tas a kwana biyar. Tun daga ranar na gane cewa bitar ita ce ƙaramin abu, tsadar da amfanin duk suna cikin abin da ke biyo bayanta, kuma duk matakan da zan kawo a kan wannan aka gina su.

Da farko, ka san wa zaka horar kafin ka nemi ko sisi

Mutane na tsallake wannan su tafi neman kuɗi, sai mai bayarwa ya tambaye su wa za'a koya wa me, su kama inda-inda. Horon nan hawa uku ne kuma kowanne da tsadarsa da inda ake samo kuɗinsa.

Hawa na farko ma'aikatan ƙananan asibitoci ne, wato nas-nas da ungozoma da jami'an lafiyar al'umma da ake kira CHO da CHEW. Su abin da ake koya musu shine mhGAP, tsarin da hukumar lafiya ta duniya WHO ta fito da shi a 2008, littafin aikinsa ya fito a 2010 aka sabunta shi a 2016, kuma an yi shi ne takanas don ma'aikacin da ba ƙwararren ƙwaƙwalwa ba. A ciki akwai ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye, yunƙurin kashe kai, da babi guda a kan yara da matasa. Kyauta ake sauke shi a intanet, don haka duk wanda ya ce ka saka kuɗin rubuta sabon manhaja a kasafi ka tambaye shi dalili.

Hawa na biyu waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, malamin ba da shawara na sakandare, malamar Islamiyya, shugabar mata, matashin da yaran unguwa ke jin maganarsa. Su ba ruwansu da magani, sauraro da kwantar da hankali da gane wanda ya kamata a kai asibiti shine aikinsu. WHO tana da tsarin koyar da dabarun shawo kan damuwa mai suna EASE na yara 'yan shekara 10 zuwa 15, zama bakwai da yaran a rukuni, zama uku da iyayensu, akwai kuma PM+ mai zama biyar wanda shi na manya ne, zai yi wa samari da 'yan matan da suka mallaki hankalinsu. Kar ka raina wannan hawan. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar suka riƙa zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki, yanzu ƙasashe da dama sun kwaikwaya.

Hawa na uku shine karatu mai tsawo, a tura nas ta yi kwas ɗin jinyar masu taɓin hankali a makarantun da ke jikin asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kaduna da Maiduguri da Kware, ko a tura wani digiri na biyu a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa da tallafin gidauniyar MacArthur, suka fara ɗaukar ɗalibai a 2013. Shawarata, in karon farko ne ku tsaya a hawa na ɗaya da na biyu, ku saka mutum ɗaya ko biyu kacal a na uku don gaba su zama masu duba sauran.

Sharaɗin da ni bana sassautawa: wanda za'a horar ya kasance yana da albashi dama, kuma iyalinsa a garin suke. Ɗan sa-kai da babu abin da yake samu, ranar da ya samu aikin POS ko acaɓa ta fi kawo masa, ya tafi, kuma ba zaka ga laifinsa ba.

Na biyu, ka ƙirga da ƙafarka

Kowa da ke rubuta takardar neman tallafi yana kawo adadin nan na binciken UNODC, ofishin majalisar ɗinkin duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, da na WHO cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne duka, ka saka su a layi biyu ka wuce, don mai karanta takardarka ya gansu sau ɗari. Abin da bai taɓa gani ba shine na garinku.

Ka ɗauki littafi ɗan sittin ka zagaya ƙananan asibitocin mazaɓunku ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida in-caj yadda ya kamata, ranka ya daɗe ko Hajiya barka da aiki, ka nuna takardar izini daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sannan ka roƙi a buɗe maka rajista. Abin da zaka gani zai baka mamaki, shafi bayan shafi maleriya, taifod, maleriya, olsa, da ƙyar ka ga an rubuta damuwa ko sau ɗaya. Kar ka ce toh ashe babu matsalar. Ka ajiye rajistar ka tambaye ta da baki, Hajiya akwai yarinyar da ke yawan dawowa da ciwon kai da rashin barci da faɗuwar gaba, an yi gwaji ba a ga komai ba? Nan take zata fara lissafo maka su da yatsu, har da amaryar da tunda ta haihu bata son ganin jaririn. Wannan giɓin tsakanin abin da ke rajista da abin da ke bakin ma'aikaciya shine hujjarka mafi ƙarfi, ka rubuta shi yadda ka ji shi.

Ka rubuta kuma ma'aikata nawa ne a kowane asibiti, nawa ne suka taɓa samun horo a wannan fannin, kilomita nawa ne zuwa asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum uku, don mai taɓin hankali ba ya tafiya shi kaɗai sai da masu riƙe shi. Ka je sakandare biyu ko uku ka zauna da firinsifal. Ka je wajen masu ruƙiyya da masu gidan mari, cikin ladabi, ba da fuskar ɗan bincike ba. Tun samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019 aka fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, masu irin waɗannan gidajen suna ɗari-ɗari da baƙo, amma gaskiyar magana iyaye can suke fara kai yaransu saboda babu wani wajen, kuma in ka mayar da malaman nan abokan gaba babu yaron da za'a turo maka. Dan Allah banda hoto, banda sunan yaro ko na gidansu a takarda. Yarinyar da aka san ta taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa kai ma ka san abin da hakan ke yi wa maganar aurenta.

Na uku, takardu biyu da suka fi takardar neman tallafin kanta

Ta farko daga asibitin ƙwararru. Ka duba wanda ya fi kusa da ku, Barnawa a Kaduna, Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Shika a Zariya, ko na koyarwa na Jos. Ka rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa amma kar ka tsaya a wasiƙa, ka je da kanka ka nemi shugaban sashen da ke kula da aikin cikin al'umma ko na yara da matasa. Abin da kake so su sa hannu a kai a fili yake: su ne zasu koyar, mutum ɗaya nasu zai riƙa zuwa duk wata yana zama da waɗanda aka horar suna duba marasa lafiya tare, akwai lambar waya da za'a kira in abu ya gagara, kuma akwai ranar da in an turo yaro da takardarku za'a gan shi. Wannan ba sabon abu bane a wajensu, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta tare da danginsu, don haka likitocin sun san zancen, abin da ke hana su yawanci kuɗin mai ne da lokaci.

Ta biyu daga hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiharku, don ma'aikatan nasu ne ba naka ba. Ka nemi su yarda a rubuce cewa sun saki waɗannan mutanen su zo horo, kuma ba za'a ɗauke su daga inda suke ba na tsawon shekara biyu. Zasu iya karya alƙawarin, eh, amma in kana da takarda kana da abin da zaka shiga ofis da shi ka ce Yallaɓai ga sa hannunka.

Na huɗu, takardun ƙungiya

Nan ba zan daɗe ba. Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, wanda ya haɗa da buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sai lambar haraji, sai satifiket ɗin SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wanda banki zai nema kafin ya buɗe muku asusu, sai asusun da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu aƙalla. Kuɗin tallafi baya shiga asusun mutum, ko shugaba ne ko liman. In baku da waɗannan kuma lokaci ya ƙure, ku shiga ƙarƙashin wata babbar ƙungiya mai takardu ta karɓa a madadinku, ku yi yarjejeniya a rubuce kan kason da zata cire.

Na biyar, ina kuɗin suke

Yawancinmu da an ce tallafi sai hankali ya tafi wajen Turawa, alhali tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025 aka rufe ayyuka da yawa, layin masu nema ya ƙara tsawo kuɗin kuma sun ragu. Ku fara da gida.

Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma dokar ta ware kashi 10 cikin 100 nasa don horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Ba za'a ba ƙungiyarku kuɗin nan a hannu ba, kar ma ka sa rai. Abin da zaka yi shine ka shawo kan hukumar jiha ta saka horon mhGAP a cikin tsarin aikinta na shekara, ku kuma ku ɗauki nauyin abin da ya rage. Lokaci na da muhimmanci sosai a nan, ma'aikatu suna haɗa kasafin baɗi ne tun kafin gwamna ya kai majalisa a ƙarshen shekara, in ka zo a Janairu an riga an rufe, don haka ka fara sintiri tun damina. In zaka shiga ka riƙe dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta yi maganar shigar da wannan kulawar cikin ƙananan asibitoci har da kafa asusu na musamman. Ni dai bana gina kasafi a kan wannan asusun, amma dokar na da amfani wajen nuna wa jami'i cewa abin da kake nema aikinsa ne ba alfarma ba.

Sai ɗan majalisarku. Kuɗin ayyukan mazaɓu duk shekara ana kashe su a keken ɗinki da injin markaɗe da babura, ku je masa a ƙungiyance da hakimi ko wakilinsa da limamin Juma'a, ku nuna masa cewa horar da mutum ashirin bai kai kuɗin babura ashirin ba kuma sunansa zai fito. Sai attajiran gari da hukumar zakka da waƙafi in jiharku na da ita. A nan ga wata dabara da wani malami ya koya mana: zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata, kuɗin horo zai jawo ja-in-ja, don haka ku raba buƙatar biyu, maganin marasa lafiya talakawa ku nema daga zakka, horo da zirga-zirgar likita kuma daga sadaka da waƙafi. Alhajin da zai yi maka kallon banza in ka ce bita, in ka ce masa ga yara masu farfaɗiya da basa iya sayen maganin wata, sai ka ga ya jawo waya.

Bayan nan ne sai gidauniyoyi. Gidauniyar TY Danjuma tana ba ƙungiyoyi masu rajista tallafi a fannin lafiya da ilimi. CBM, wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai taimaka wa nakasassu, sun daɗe suna aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma a Najeriya. In a Borno ko Yobe ko Adamawa kuke, akwai asusun jinƙai na Najeriya da OCHA, ofishin jinƙai na majalisar ɗinkin duniya, ke gudanarwa tun 2017, da UNICEF da hukumar kula da ƙaura ta IOM da ke aikin kwantar da hankalin waɗanda rikici ya shafa, kuma hanyar shiga wajensu ita ce halartar taron haɗin gwiwar masu wannan aikin a Maiduguri a san fuskarku, da yin rajista a shafin abokan hulɗa na majalisar ɗinkin duniya. Grand Challenges Canada sun sha ba da kuɗi kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa, amma kowane kiran neman tallafi da suka fitar da jerin ƙasashensa, ka karanta ka tabbatar ƙasarku na ciki kafin ka ɓata sati biyu kana rubutu. Wellcome ta Ingila kuɗin bincike take bayarwa, sai dai ku shiga ta hannun jami'a. Na hawa na uku kuma, in malamin jami'a ko kwalejin gwamnati ne akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsa, in kuma ƙasar waje ce akwai tallafin karatu na Chevening da Commonwealth a Ingila, Chevening na neman shekara biyu na gogewar aiki da alƙawarin dawowa gida.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko kuɗin sakin tallafi ɗan damfara ne, ko da ya turo maka takarda mai tambarin majalisar ɗinkin duniya a WhatsApp.

Na shida, rubutun da kasafin

Shafi huɗu zuwa biyar ya isa in basu ba da nasu fom ba. Ka buɗe da abin da ka ƙirga, ka faɗi mutum nawa zaka horar a asibiti nawa da makaranta nawa, wa zai koyar, wa zai bibiya, sai me za'a gani bayan wata 12. Kar ka yi alƙawarin kawar da shaye-shaye a ƙaramar hukuma, babu mai yarda. Ka ce asibiti kaza da a yau babu mai iya duba matashi mai damuwa, zuwa ƙarshen shekara kowanne zai samu mutum biyu da ke yi, da rajistar da ke nuna hakan.

Kasafin shine inda ake gane wanda ya san aikin. Ƙa'idata ita ce kuɗin kwanakin horo kar su haura kashi ɗaya cikin uku na duka. Ku yi shi a ɗakin taron ƙaramar hukuma ko makarantar koyon aikin lafiya, a ba mai abinci ta unguwa kwangila, a manta da riguna. Sauran kuɗin ga inda zasu:

Zuwan mai bibiya duk wata har wata 12, da man mota da ɗan abin hasafinsa. A ce misali asibiti 10 kuke da su kuma yana iya zaga biyu a rana, kwana 5 kenan a wata, kwana 60 a shekara, ka ga wannan layin shi kaɗai zai iya fin kuɗin bitar, kuma haka ya kamata ya zama. Sai katin waya da data na kowane ma'aikaci don kiran likita. Sai horon tuni na kwana biyu bayan wata shida, lokacin da suka riga suka ci karo da matsaloli na gaske suna da tambayoyi. Sai buga rajista da katin turawa asibiti. Sai jarin magani, don babu abin da ke kashe gwiwar ma'aikaci kamar ya gane ciwo ya rubuta magani a zaga gari babu, ku zuba jarin farko a riƙa sayarwa da ɗan sauƙi kuɗin na juyawa, a ware na waɗanda basu da hali. Sai ɗan asusun kuɗin mota na iyalan da aka tura birni. Ka bar wani kaso na hauhawar farashi, wanda ya yi kasafi kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san abin da nake nufi.

Na bakwai, zaɓen mutane

Da zarar an ji kuɗi sun shigo waya zata fara ƙara, kansila na da ƙani, shugaban jam'iyya na da ɗiya, kowa alawus yake hange. Maganin wannan shine ka rubuta sharuɗɗan tun kafin kuɗi su zo, a sa hannu tare da sashen lafiya da wakilin hakimi, in an matsa maka ka ce ranka ya daɗe ba ni ke zaɓa ba, masu kuɗin ne suka gindaya. Rabi su zama mata, wannan ba don burge Turawa bane, budurwa ba zata zauna ta faɗa wa namiji abin da ke hana ta barci ba, uwarta ma ba zata bari ba. Ku ɗauki biyu daga kowane asibiti saboda in ɗaya ta tafi haihuwa aiki kar ya tsaya. Wanda za'a tura dogon karatu kuma ya sa hannu a gaban shaidu cewa zai dawo ya yi shekara kaza, da mai tsaya masa.

Na takwas, abin da zaka sa wa ido a cikin horon

Kai ba likita bane wataƙila, amma akwai abin da zaka iya lura da shi. In ka ga kwana biyu ana ta haska bango da Turanci mutane na gyangyaɗi, ka ja mai koyarwa gefe. Rabin lokacin ya tafi a gwaji, ɗaya ya zama yaron ɗaya ya zama ma'aikaci, kuma da Hausa, don babu saurayin da zai shigo ya ce ina da ciwon damuwa. Cewa zai yi kaina ke min nauyi, ko zuciyata ke tafasa, ko komai ya fita raina, uwa kuma ta ce an yi masa sammu ne ko ya gamu da iska. Ma'aikacin ya koyi karɓar wannan maganar ba tare da ya ƙaryata uwar ba, ya ce Mama a ci gaba da addu'a, mu kuma ga abin da zamu haɗa da shi.

Abin da ya fi basu wuya shine tambayar ko yaro na tunanin kashe kansa. A namu horon na biyu wata nas da ta shekara ashirin tana aiki sai da ta yi gwajin sau huɗu kafin kalmar ta iya fita daga bakinta, tana ta cewa a'uzubillahi ai sai in sa masa ra'ayin. Tambayar bata sa wa mutum ra'ayi, sau da yawa ma ita ke buɗe bakinsa. Kuma a tattauna maganar sirri sosai, saboda sashe na 231 na kundin Penal Code ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi, ga kunya ga tsoron hukuma, shi yasa iyali ke ɓoye yarinyar da ta sha fiya-fiya su ce kuskure ne. A nan kuma ake ja musu layi kan magani: ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 maganin damuwa, matashi ma da magana da zama da iyaye ake farawa, magani sai da shawarar likitan da ke bibiya, kuma maganin farfaɗiya na valproate ana kauce masa ga 'yan mata da matan da ke iya ɗaukar ciki saboda illarsa ga jariri.

Na tara, bayan an watse

Sati biyu da gama horo mai bibiya ya fara zagaye, kar a bari ya kai wata biyu hannu ya yi sanyi. Ku buɗe zauren WhatsApp na ma'aikatan da likitan, da dokar cewa ba a saka suna ko hoton mara lafiya. Kowane wata ka karɓi adadi huɗu kawai daga kowane asibiti, matasa nawa aka gani, nawa suka dawo karo na biyu, nawa aka tura birni, nawa ne suka isa can ɗin. Na ƙarshen nan shi ke tona asiri, in an tura goma biyu suka isa toh matsalar kuɗin mota ce ko tsoro, kuma abin da zaka rubuta a neman tallafi na gaba kenan.

Rasit kuwa ko na ruwan leda ne ka ajiye. Direban da bashi da rasit a rubuta takarda ya sa hannu da lambar motarsa. Ka aika rahoto kafin a tambaye ka, kuma in wani abu ya lalace ka faɗa da bakinka, mu a rahotonmu na wata shida mun rubuta ƙarara cewa asibiti biyu basu ga ko mutum ɗaya ba saboda in-caj ɗinsu bai ba da ɗakin da za'a keɓe ba, yara kuma ba zasu yi magana a baranda ana jinsu ba. Mai tallafin bai yi faɗa ba, tambaya ya yi nawa ne kuɗin labule da katakon raba ɗaki. Tun wata na tara kuma ka fara kai wa hukumar jiha kwafin waɗannan adadin duk wata, hannu da hannu, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin, saboda kuɗin man mai bibiya na shekara ta biyu a kasafinsu kake son ya fito.